Yarjejeniyar jadawalin kawo kaya: wa ke ɗaukar asara in hanya ta toshe?

Kamfanin SAP na ƙasar Jamus, wanda manhajarsa ke riƙe da lissafin saye da ajiyar kaya na dubban manyan kamfanoni a duniya, ya sanar cewa a ƙarshen shekara ta 2027 zai daina kulawar yau da kullum da tsohon tsarinsa mai suna ECC. Mai son ƙarin wa'adi zuwa 2030 sai ya ƙara kuɗi. Wannan ya sa kamfanoni ke ƙaura zuwa S/4HANA, wanda ya fito a 2015. Cikin abubuwan da suke kwashewa zuwa sabon tsarin akwai yarjejeniyoyin jadawalin kawo kaya, waɗanda suka shafi duk ɗan kasuwar da ke hulɗa da babbar masana'anta.

A tsarin da aka saba, duk lokacin da kamfani ke buƙatar kaya sai ya rubuta takardar oda. A yarjejeniyar jadawali kuwa, sau ɗaya ake zama a tsai da farashi, yawan kaya da wa'adi, shekara ɗaya ko fiye. Daga nan kwamfuta ce ke duba abin da ya rage a sito da abin da aiki zai ci, ta fitar da ranaku da adadin da za a kawo, ta aika wa mai kaya. Aikin takardu ya ragu, sito bai cika da kayan da kuɗi ke kwance a cikinsu ba, mai kaya kuma ya san yana da ciniki a gabansa.

Sai dai ranakun jadawalin ba nauyinsu ɗaya ba. Manhajar na raba su gida uku. A zangon farko, na kusa, oda ta tabbata: in mai saye ya fasa, ana iya cajinsa kuɗin ɗanyen kaya da na aiki. A na biyu, kuɗin ɗanyen kayan kaɗai ke kansa. Na uku hasashe ne, babu alhaki a kan kowa. Mai kayan da ya ci bashin banki saboda adadin da ya gani a zango na uku, in aka soke, shi kaɗai zai ji a jikinsa.

Masu ƙera motoci ne suka fi cin moriyar wannan tsari, domin hanyoyinsu a buɗe suke kuma sun san kwana nawa kaya ke yi kafin su iso. A ƴan shekarun nan wannan tabbaci ya girgiza. A watan Maris na 2021 jirgin ruwan Ever Given ya toshe mashigin Suez kwana 6. Daga ƙarshen 2023 hare-haren ƴan Huthi a tekun Maliya suka tilasta wa jirage zagayawa ta kudancin Afirka, tafiya ta ƙaru da sama da mako guda.

Nijar, wadda ba ta da gaɓar teku, ta ga nata. Kafin 26 ga Yuli 2023, mafi yawan kayan da ƙasar ke shigowa da su ta tashar Kotonu suke bi, su haye gadar Malanbil zuwa Gaya. Takunkumin CEDEAO ya rufe wannan hanya, kuma ko bayan ɗage shi a Fabrairu 2024 hukumomin Yamai sun bar nasu ɓangaren iyakar a rufe. Kaya suka koma bi ta Lome da Burkina Faso, cikin ayarin manyan motoci da rakiyar sojoji, a kan hanyar Dori zuwa Tera. Ayari ba ya tashi sai an shirya rakiya.

A nan matsalar take. Kwamfuta na lissafi ne da adadin kwanakin tafiya da aka shigar mata. In an bar lissafin zamanin Kotonu, za ta nemi kaya a makare, injin masana'anta ya tsaya jiran kayan gyara, sannan a rubuta wa mai kaya laifin jinkirin da ba nasa ba.

Saboda haka, ɗan kasuwar Maraɗi, Damagaram ko Tawa da aka miƙa wa irin wannan yarjejeniya, akwai abin dubawa da ya wuce farashi: kwana nawa ne zangon da ya tabbata, wace hanya aka yi lissafi da ita, ko akwai sharaɗin sake duba farashi in kuɗin dako ya tashi, da kuma abin da aka rubuta game da rufe iyaka. Hausawa sun ce alkawari kaya ne. Lokacin da kamfanoni ke sake shigar da yarjejeniyoyinsu cikin sabon tsari, lokaci ne mai kyau na neman a gyara waɗannan sharuɗɗa kafin a sa hannu.