NA'URA A ƘIRJI BA TA KORE TAWAKKALI

Ranar 12 ga Agusta, 1989, ana tsakiyar wasan ƙwallo tsakanin Nijeriya da Angola a babban filin wasa na Legas, Samuel Okwaraji, saurayi ɗan shekara 25, ya yanke jiki ya faɗi ba tare da wani ya taɓa shi ba, kuma bai sake tashi ba. Ranar 26 ga Yuni, 2003, haka ta faru ga Marc-Vivien Foe na Kamaru a birnin Liyon na Faransa, yana da shekara 28. A 2017 sai ga Cheick Tiote na Kodebuwa ya faɗi a wajen atisaye a ƙasar Sin, yana ɗan shekara 30. Dukkansu majiya ƙarfi ne, waɗanda in an gan su a guje sai a ce ciwo ma tsoronsu yake ji.

Amma akwai wasu da suka yi irin wannan faɗuwa suka tashi. A watan Maris na 2012 Fabrice Muamba ya faɗi a wani fili a Landan, zuciyarsa ta yi minti 78 ba ta bugawa da kanta, likitoci suna ta fama, har Allah ya ƙaddara ya rayu. Ranar 12 ga Yuni, 2021, Christian Eriksen na Denmak ya faɗi a gaban idon duniya, aka danna masa ƙirji, aka ba shi shokin lantarki nan take a fili, ya farfaɗo. Su biyun duka an dasa masu wata 'yar na'ura a ƙirji, wadda likitoci suke kira ICD, wato na'urar farfaɗo da zuciya. Wannan na'ura da rayuwar mai ɗauke da ita su ne abin dubawa a yau, domin jahilcin da ya dabaibaye al'amarin a tsakanin matasa ya kai inda yin shiru ya zama laifi.

Da farko ya kamata ɗan'uwa ya san cewa zuciya da lantarki take aiki. Allah cikin hikimarsa ya sanya wani ɗan wuri a saman zuciya da ke tura saƙon lantarki sau 60 zuwa 100 a kowane minti in mutum yana hutawa, wato kimanin sau 100,000 a kwana guda, kuma kowane saƙo shi ke sa tsokar zuciya ta matse ta tura jini. To, akan sami lokacin da wannan tsari ke rikicewa, ɗakunan ƙasa na zuciya su daina bugu su koma karkarwa kawai, jini ya tsaya cak, mutum ya faɗi sumamme cikin 'yan sakan. In ƙwaƙwalwa ta yi minti 4 zuwa 6 babu jini sai ta fara lalacewa, kuma kowane minti da ya wuce ba a yi komai ba, damar tsira tana raguwa da kashi 7 zuwa 10 cikin 100. Abin da ke tsayar da wannan karkarwa shi ne shokin lantarki mai ƙarfi, wanda zai katse rikicin gaba ɗaya don zuciya ta sake kama bugunta na asali.

Wani likita haifaffen Polan mai suna Michel Mirowski, tare da abokin aikinsa Morton Mower, su ne suka dage a kan cewa za a iya ƙanƙantar da injin ba da shokin a sa shi cikin jikin mutum, alhali manyan likitocin zamaninsu suna yi masu dariya. A watan Fabrairu na 1980 aka fara dasa ta a jikin ɗan Adam a asibitin Johns Hopkins da ke Baltimo a Amurka, kuma wanda ya yi aikin, Levi Watkins, baƙar fata ne. Ta yau girmanta bai wuce kwalin ashana ba sosai. Ana sa ta ƙarƙashin fata, ƙasa da ƙashin wuya, galibi a hagu, a zura waya ta cikin jijiyar jini zuwa zuciya, akwai kuma wata iri da wayarta ke tsayawa ƙarƙashin fata kawai. Dare da rana tana sauraren zuciya. In bugun ya fara gudu fiye da kima, takan fara da 'yan ƙananan saƙonni waɗanda ba su da zafi, in abin ya ƙi sai ta saki shoki, wanda masu ita ke kwatantawa da harbin doki a ƙirji.

A nan ne shubuha ta farko take shigowa. Za a ji saurayi yana cewa ai ajali ɗaya ne, in ya zo babu ƙarfen da zai tare shi, don haka sa na'ura raunin imani ne. Rabin maganar gaskiya ce, domin babu na'urar da ta taɓa ƙara wa wani sakan guda a kan abin da aka rubuta masa, kuma masu ita suna mutuwa kamar kowa. Amma tambaya a nan ita ce, wa aka nuna wa ranar tasa? Mai wannan magana in ya ji yunwa ci yake yi, in mota ta taso masa kaucewa yake yi, bai taɓa tsayawa a tsakiyar titi ya ce ajali ɗaya ne ba. Manzon Allah (S), wanda babu mahalukin da ya kai shi tawakkali, ya sa sulke ranar Uhudu, ya haƙa rami ranar Handaƙ, ya ɓuya a kogon Saur lokacin hijira, kai hatta ɗan jagoran da ya nuna masa hanya ba Musulmi ba ne a lokacin, ƙwarewarsa da amanarsa aka duba. Wannan kuma ya isa amsa ga mai cewa ai na'urar ƙirar waɗanda ba Musulmi ba ce. Riƙo da sababi, tare da sakankancewa cewa sakamako na hannun Allah, shi ne tawakkali. Barin sababi da gangan kuwa ganganci ne, ko da an yi masa ado da kalmomin addini.

Labarin Raphael Dwamena, ɗan wasan Gana, ya isa wa'azi. A 2020 aka dasa masa na'urar a ƙasar Sifen. A 2021 ya faɗi ana wasa a Ostiriya, ta ba shi shoki ya tashi. Daga baya, kamar yadda likitan da ya kula da shi ya bayyana, ya zaɓi a cire ta duk da gargaɗin da aka yi masa. Ranar 11 ga Nuwamba, 2023, ya faɗi a fili a ƙasar Albaniya, ya rasu yana da shekara 28. Ba a kawo wannan don zargin mamaci ba, kwanansa ne ya ƙare. An kawo shi ne don mai rai ya yi tunani.

Shubuha ta biyu ta fi ta farko cutarwa, domin ita a zukatan jama'a take. Da zarar an ji wane yana da "batir a ƙirji" sai a soke shi daga lissafi. Abokai su fara janye jiki, gidan da ya nemi aure su ce ba za su ba gawa 'yarsu ba, mai gidansa a kasuwa ya sallame shi cikin dabara. Alhali kuwa Eriksen, bayan ƙa'idar Italiya ta hana shi ci gaba da wasa a Inter Milan, ya koma Ingila a farkon 2022 ya ci gaba da buga ƙwallo a ɗaya daga cikin gasannin da suka fi wahala a duniya, har a 2024 ya ci wa ƙasarsa ƙwallo a gasar Turai. Wannan ba yana nufin kowa zai iya haka ba, domin Muamba shi dole ya bar ƙwallo bisa shawarar likitoci, ya kama wata sana'a. Ciwon da ya sa aka dasa na'urar shi ke yanke abin da mutum zai iya, ita kuma ba ta warkar da ciwon, gadi kawai take yi. Amma dai mai ita yana aure, yana haihuwa, yana karatu, yana neman halalinsa. Matarsa ba ta cikin haɗari, haka wanda ya riƙe shi lokacin da shokin ya sauka, abin da zai ji bai wuce ɗan tsirawa ba.

Sai dai kuma rayuwar tana da ƙa'idoji, kuma mai ita ba shi da uzurin wasa da su. A makonni 4 zuwa 6 na farko ba ya ɗaga hannun ɓangaren sama da kafaɗa, ba ya ɗaukar kaya mai nauyi, don kada wayar ta goce. Bayan ya warke, ruku'u da sujada ba su da wata matsala. Maganaɗisu mai ƙarfi yana iya dakatar da aikinta, saboda haka wayar salula ba ta zama a aljihun gaban riga, wanda teloli suka saba ɗinkawa daidai inda na'urar take, a bar tazarar santimita 15 a ƙalla, a kuma amsa kira da ɗaya kunnen. Ba ya jingina da manyan lasifikoki na wajen taro, ba ya sunkuyawa a kan janareta ko injin mota yana aiki, mai sana'ar walda kuwa dole ya zauna da likitansa kafin ya koma bakin aiki. A ƙofar masallaci ko filin jirgi, inda ake bincike da sandar gano ƙarfe, ya nuna katinsa, ya nemi kada a tsayar da sandar a kan ƙirjinsa. Duk wata 3 zuwa 6 ana duba ta, batirinta kuma yakan yi shekara 5 zuwa 10 kafin a canza. Magungunansa ba ya barinsu, batun azumi kuma a haɗa bayanin likita da fatawar malami, domin ƙishirwa mai tsanani tare da maganin sa fitsari tana iya rikita gishirin jini ta tayar da bugun. Ƙwayoyin ƙara kuzari da na "ƙarfin maza" da ake tallarsu a tasha kuwa, a gare shi wasa da rai ne. In shoki ya sauka sau ɗaya ya ji garau, ya sanar da asibiti a ranar. In ya maimaitu, ko ya ji jiri ko ciwon ƙirji, to a garzaya da shi ba tare da jira ba.

Wuri mafi ɗaci shi ne tuƙi. A Ingila da ƙasashen Turai, mai wannan na'ura ba ya tuƙa motar fasinja babba ko ta kaya, domin suma ta sakan goma a kan titi tana iya tafiya da rayuka masu yawa. Ɗan'uwa direba ko ɗan acaɓa da wannan ya same shi, ko babu dokar da ta kama shi, amanar rayukan da ke bayansa ta kama shi. To amma in ya bari, da me zai ci? A nan ne ake gane 'yan'uwantakar gaskiya. Haɗa masa jari ya canza sana'a ya fi masa dubun "sannu" da ake jera masa a bakin masallaci. Haka kuma tsoron da ke kama shi bayan shoki, har ya kasa barci ko ya ƙi fita shi kaɗai, abu ne sananne a wurin likitoci, ba ragwanci ba ne, kuma maganinsa abokin da zai saurare shi ba tare da gori ba.

Duk wannan bayani na wanda ya samu ne. Abin takaici, mafi yawan masu bukata a ƙasar nan ba su ma san suna da ciwon ba, in sun sani kuma kuɗinta miliyoyin naira ne, asibitocin da ke dasa ta 'yan ƙalilan ne a manyan birane. A 2001, a Abuja, shugabannin Afirka suka yi alkawarin ware kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗi ga lafiya, amma gwamnatin da ta karɓi baƙuncin taron ba ta taɓa cika wannan alkawari ba. Mahukunta in ƙirjinsu ya motsa sai Landan, ɗan talaka in ya faɗi sai a ce aljanu ne ko jifa, a kewaye shi, a kwara masa ruwa, a tura masa cokali a baki, a shaƙa masa albasa, har mintocin da za a cece shi su ƙare.

Wannan na ƙarshe kuwa gyaransa yana hannun matasa, ba sai an jira kowa ba. Wanda ya faɗi, ba ya amsawa, ba ya numfashi yadda ya kamata, a kwantar da shi rigingine a ƙasa mai tauri, a ɗora hannu bisa hannu a tsakiyar ƙirjinsa, a danna da ƙarfi zurfin santimita 5 zuwa 6, sau 100 zuwa 120 a minti, ba tsayawa, wani kuma ya nemo mota da ma'aikacin lafiya. Koyon wannan ba ya cin yini guda. Akwai kuma injin ba da shoki na hannu, wanda ke faɗa wa mai amfani da shi abin da zai yi, kuɗinsa bai kai na dasawa ba ko kusa. Jama'ar da ke iya tara kuɗin lasifika da kafet da janareta ba za ta rasa na injin guda a masallacin Juma'a ba, haka ma ƙungiyoyin ƙwallo na unguwa. Sannan duk saurayin da ya taɓa suma yana cikin gudu, ko yake jin zuciyarsa tana tsere haka kawai, ko aka taɓa yin mutuwar fuju'a ta mai ƙuruciya a danginsu, to ya je a yi masa gwajin zuciya, domin wasu daga cikin waɗannan cututtuka gadonsu ake yi. Jiki magayi ne, kuma in kunne ya ji, gangar jiki ta tsira.

Rai amana ce da za a yi tambaya a kanta, kuma mai na'ura a ƙirji mutum ne da ya ɗauki amanar da muhimmanci, ya yi abin da ke hannunsa, ya bar wa Allah sauran. Haƙƙinsa a kan 'yan'uwa shi ne a san halinsa, a ba shi aure in ya cancanta, a tallafe shi in sana'arsa ta gagara. Allah ya ba marasa lafiya lafiya, ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, ya sa a cika da imani.