Ra'ayinmu: Wa ke biyan mai ba ka shawarar kuɗi?

Da zarar kuɗin sallama sun faɗo asusun tsohon ma'aikaci, sai masu shawara su yi masa caa. Ma'aikaciyar banki ta bugo waya: "Baba, akwai wani tsari mai kyau da na ware maka." Wakilin inshora ya zo har zaure da fom a jaka. Ɗan ƙaninsa ya matso da waya, yana nuna masa manhajar da kuɗi ke ninkuwa a wata guda. Babu wanda ya nemi ko sisi a kan shawararsa, amma kowannensu yana da la'ada idan Baba ya sa hannu.

Shi ya sa muke ganin amfanin mai ba da shawara mai zaman kansa, wanda ba hajar kowa yake tallatawa ba, kai ne kake biyansa kuma kai yake yi wa aiki. Birtaniya ta ɗauki wannan da muhimmanci. Tun ƙarshen 2012 ta hana masu ba da shawarar zuba jari karɓar kamasho daga kamfanonin da suke kai wa mutane, kuma wanda ya taƙaita ga kamfanoni 'yan kaɗan dole ya faɗa wa abokin hulɗarsa, ba zai kira kansa mai zaman kansa ba.

A nan gida, ɗan fansho ya fi kowa bukatar irin wannan mutum. Zaɓi biyu ne a gabansa: ya bar kuɗinsa wurin kamfanin fanshonsa ana ba shi wata-wata, ko ya miƙa wa kamfanin inshora ya riƙa biyansa har ƙarshen rayuwa. Kowanne yana da amfaninsa, kuma kowane ɓangare nasa yake yabo. Abin da ba kasafai ake jaddada masa ba shi ne, wanda ya koma inshora ba shi da damar dawowa. Shawara irin wannan bai kamata ta fito daga bakin mai riba a ciki kaɗai ba.

Sai dai a faɗi gaskiya, abin yana da tsada. Ko a Birtaniyar ma, masu ƙaramin jari da yawa sun rasa mai kula da su bayan hana kamasho. Mai naira dubu ɗari uku ba zai iya ɗaukar ƙwararre ba, ƙwararrun kuma galibi a Legas da Abuja suke. Ma'aikacin banki ba macuci ba ne don kawai yana tallar kayan gidansu. Akwai Babban Banki a kansa, kuma hukumar NDIC tana lamunce ajiya har naira miliyan 5 a bankunan kasuwanci. Sannan "zaman kai" riga ce da ɗan damfara ma yakan sa. Waɗanda suka ja mutane cikin tsare-tsaren damfara irin su MMM kafin ta kulle kuɗinsu a Disambar 2016, da CBEX da ta ruguje a Afrilun 2025, ba baƙi ba ne. Maƙwabta ne da abokan aiki, masu cin ladan kawo mutum.

Don haka a duba rajista tukuna. Takardar CAC da ake liƙawa a bangon ofis shaidar kafa kamfani ce kawai, ba izinin taɓa jarin jama'a ba. Wannan izini na hukumar SEC ne, kuma sunayen masu shi suna shafinta na intanet. Dokar zuba jari ta 2025 ta tanadi ɗaurin shekara 10 ko tarar aƙalla naira miliyan 20 ga masu shirya irin waccan damfara, amma ɗaure ɓarawo ba ya dawo da kuɗin makarantar yara.

Mai shawara na kirki ana gane shi daga zaman farko. Zai fara da tambayar bashin da ke kanka, da 'yar da za ka aurar, da niyyar Hajji, kafin ya ambaci wani jari. Zai tuna maka cewa hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin ɗari a 2024, don ka san abin da ake kira riba na gaske. In ka ce ba ka son kuɗin ruwa, ya san Sukuk ɗin da Gwamnatin Tarayya ta fara fitarwa a 2017 da bankunan da ba sa mu'amala da ruwa. Ba zai yi maka alkawarin riba tabbas ba, ba kuma zai ce "yau za a rufe" ba.

Matsayinmu shi ne: mai kuɗi masu kauri, musamman ɗan fansho da magada, ya biya a ba shi shawara, a rubuce, daga mai rajistar SEC. Mai ƙaramin ƙarfi ya saurari banki, amma ya tambaya ƙarara nawa mai kawo tayin zai samu, ya kuma ji ta bakin wani bankin. Kowa kuma, kada ya tura ko kwabo na jarinsa asusun mai ba shi shawara. Muna kira ga SEC da hukumar fansho ta PenCom su kai wannan bayani gidajen rediyo da Hausa, inda masu bukatarsa suke saurare.