Ƙwallon Kofi Ba Shashanci Ba Ne

Uwargida, wai me ya sa da an ce ɗanki ko ƙaninki zai buga gasar kofi sai ki haɗe rai, ki ce shashanci ne? Ni kam ban yarda ba!

Gasar sili ɗaya ƙwale ita ce ƙofar ƙananan kulob. Dubi kofin ƙasa da aka faro tun 1945: daga jihohi ake fara tankaɗe da rairaya, ƙarami ya kara da babba, wanda aka ci ya kama hanyar gida. A 2024 El-Kanemi Warriors ta Maiduguri tana rukuni na biyu ta ɗauke shi sukutum.

To mu nan Katuru, Shinkafi, Zurmi da Ƙauran Namoda, in an hana samarinmu fili ina za su? Noma ya yi wuya saboda 'yan bindiga, ga dillalan ƙwaya na jira. Yaron da ya san gobe akwai wasa, da wuri yake kwanciya.

Da zaman banza gara aikin kishiya. Ki wanke masa riga, ki sa masa albarka, ya sallaci La'asar ya fita. Allah ya shirya mana zuriya.