Sembène da takardar kuɗin Dieng

Duk lokacin da ɗalibaina suka tambaye ni daraktan da na fi so, amsata ɗaya ce: Ousmane Sembène na Senegal, tsohon ɗan dako a tashar jiragen ruwa ta Marseille, marubucin da ya koma fim domin akasarin mutanensa ba sa karatun boko.

Hujjata ita ce Mandabi, fim ɗinsa na 1968 da harshen Wolof. Ibrahima Dieng, magidanci mai mata biyu, ba aikin yi, ya samu takardar kuɗi daga ɗan 'yar'uwarsa da ke Paris. Gidan waya suka ce sai da katin shaida, katin kuma sai da takardar haihuwa da hoto. Bai ga ko sisi ba, amma maƙwabta sun yi layin neman rance, matansa sun ci bashin shinkafa.

Abin da ke burge ni, Sembène bai mai da Dieng waliyyi ba. Mutum ne mai son girma, babbar rigarsa ta fi ƙarfin aljihunsa, sai ka yi masa dariya kana jin tausayinsa. Kyamara kawai ke bin sa daga ofis zuwa ofis. Sai a ƙarshe ne mai raba wasiƙu ya ɗan yi mana wa'azi, kuma a ganina da an bar wannan da ya fi.