Sunanmu Ga Windows, Lambarmu Ga Unix: Kira Ga Hukumomin Jami'a

Ya ku 'yan'uwa ɗalibai, a wannan fitowa muna so mu ɗan jingine maganar ruwan famfo da cunkoson ɗakunan kwana, mu taɓo wani al'amari wanda ba a cika kawo shi zauren ƙungiya ba, alhali kuwa yana iya raba ɗalibi da wahalarsa ta shekara guda cikin dare ɗaya. Al'amarin shi ne yadda babbar kwamfutar ajiya ta sashe, wadda ma'aikata ke kira saba, take gane cewa wannan fayil na wane ne, wancan kuwa na wance ne.

Abin da ya ja hankalinmu ya faru ne a zangon karatun da ya wuce, a wani sashe da ba za mu kama sunansa ba. Faifan da ke ɗauke da tsarin sabar ya lalace, bayan wutar lantarki ta yi ta ɗaukewa tana dawowa. Fayilolin ɗalibai suna kan wani faifai dabam, ba abin da ya taɓa su. Ma'aikacin da ke kula da ɗakin ya kwana biyu yana sake ɗora tsari, ranar Litinin aka buɗe ƙofa. Wata 'yar ajinmu ta shiga da sunanta da kalmar sirrinta, kwamfuta ta karɓe ta, amma da ta je buɗe jakar kundin bincikenta na shekarar ƙarshe sai aka ce mata ba ta da izini. A daidai wannan lokaci wani ɗalibi, wanda bai san hawa ba bai san sauka ba, ya tarar jakar tata a buɗe gare shi, yana iya karantawa, yana iya gogewa. Allah ya sa mutumin kirki ne, ya je ya faɗa. Sai da aka yi kwanaki ana bin jaka ɗaya bayan ɗaya da hannu kafin kowa ya koma kan kayansa.

Mutane da dama sun ɗora laifi a kan wutar lantarki, wasu kuma a kan ma'aikacin. Mu dai mun bi diddigi, kuma ra'ayinmu shi ne tushen ɓarnar yana ga wata shawara da ya kamata a yanke tun ranar da aka kafa sabar, amma aka bar na'ura ta yanke wa kanta. Domin a fahimci wannan, tilas ne mu ɗan koma baya.

Kowane ɗalibi ya san cewa a ofishin rajista ba a dogara da suna. A aji ɗaya ana iya samun Aminu uku da Hauwa huɗu, saboda haka lambar shiga jami'a ita ce mutum a wurin masu haɗa sakamako. Haka kwamfuta take, sai dai a ɗakunanmu tsari biyu ne suke aiki tare, kuma kowanne yana da irin tasa lambar.

Na farko shi ne Unix, wanda Ken Thompson da Dennis Ritchie suka fara ginawa a ɗakunan bincike na Bell a Amurka cikin 1969, wanda kuma Linux ya bi tafarkinsa daga 1991. A wurin Unix kowane mai amfani yana da lamba guda, gajera, wadda ake kira UID. Lambar sifiri ta babban mai kula ce, wanda ba ƙofar da ke rufe gare shi, sa'an nan a yawancin ire-iren Linux na yau mutane na gari suna farawa daga 1000. Abin lura a nan shi ne, a jikin fayil ba a rubuta sunan mai shi. Lambar kaɗai ake rubutawa. Duk wanda ya zo da wannan lamba, shi ne mai fayil.

Na biyu shi ne Windows na kamfanin Microsoft. Tun daga Windows NT na 1993, kowane asusu yana da doguwar lamba da ake kira SID. Sa'ad da aka haɗa kwamfutoci da yawa ƙarƙashin rajista guda, kamar yadda Active Directory ke yi tun daga shekarar 2000, wannan doguwar lamba tana da kashi biyu: na gaba yana nuna gidan da asusun ya fito, watau rajistar jami'a baki ɗaya, na ƙarshe kuwa, wanda ake kira RID, yana nuna mutumin a cikin gidan. Alal misali, asusun babban mai kula kullum yana ƙarewa da 500. Wani kyakkyawan hali na wannan tsari shi ne ba ya maimaita lamba. In aka goge asusu, aka sake buɗe wani da suna iri ɗaya, sabuwar lamba za a ba shi, kuma a wurin Windows wani mutum ne dabam.

To, ɗalibi yana zaune gaban kwamfuta mai Windows, ya shiga da sunan da rajistar jami'a ta san shi da shi, amma sabar da ke ajiye masa fayil Linux ce, domin ba a biyan kuɗin lasisi a kanta, kuma tana da juriya. Wanda ke tsakani shi ne Samba, manhajar da Andrew Tridgell ya fara rubutawa a farkon shekarun 1990 sa'ad da yake ɗalibi a birnin Kanbera na ƙasar Ostiraliya. Samba tana da wani ɓangare mai suna winbind, wanda aikinsa shi ne tafinta: a kawo masa doguwar lambar Windows, ya mayar da ita gajerar lambar Unix. A kan wannan tafinta ne duk maganarmu take.

Samba ta tanadi hanyoyi da dama na yin wannan fassara, amma uku ne suka shafe mu. Hanya ta farko, mai suna tdb, ita ce ta wanda ya riga zuwa. Mutumin da saba ta fara cin karo da shi shi ke samun lambar farko, na biyu ya sami ta biyu, ana rubuta wannan jeri a wani ɗan ƙaramin fayil a cikin ita sabar. Hanyar tana da sauƙin kafawa, amma tana da aibi biyu manya. Saba biyu ba za su ba mutum ɗaya lamba ɗaya ba, tunda jerin zuwan mutane ya bambanta. Kuma in ɗan fayil ɗin ya ɓace, za a sake rabo daga farko. Wannan shi ne ainihin abin da ya sami sashen da muka ambata: lambar da ke jikin kundin 'yar ajinmu ba ta canja ba, sai dai an miƙa ta ga wanda ya riga ta zuwa ranar Litinin.

Hanya ta biyu, mai suna rid, lissafi ce. Mai kula zai zaɓi lambar da za a fara daga gare ta, sa'an nan a riƙa ƙara mata lambar ƙarshen SID ɗin kowa. In an fara daga 10000, ɗalibin da SID ɗinsa ya ƙare da 1105 zai zama 11105, yau da gobe, a wannan saba da waccan, muddin an rubuta mafari ɗaya a dukkansu. Ba wani jeri da za a adana, balle ya ɓace. Ko da saba ta ƙone ƙurmus, layi biyu ko uku na saiti sun isa su dawo wa kowa da lambarsa. Har wa yau, tunda Windows ba ya maimaita lamba, lambar wanda ya gama karatu ba za ta faɗa hannun sabon shiga ba.

Hanya ta uku, mai suna ad, rajista ce. Ana rubuta wa kowane mutum lambarsa ta Unix a cikin shi kansa Active Directory, a guraben da wata ƙa'ida ta 1998 mai lamba RFC 2307 ta fayyace, kowace saba kuma ta je can ta karanta. Wannan ita ta fi dacewa inda ake da ɗakunan bincike masu aiki da Linux zalla, kuma mutane suna da tsofaffin lambobi da ba a so a canja. Nauyinta shi ne sai an sami wanda zai riƙa cike gurbin kowane sabon asusu, ya kuma kiyaye kada ya ba mutum biyu lamba ɗaya. Wanda aka manta ba a cike masa ba, saba ba za ta ma san da zamansa ba. Microsoft ta cire kayan aikinta na cike waɗannan gurabe daga fitowar Windows Server ta 2016, ko da yake guraben suna nan ana amfani da su.

Matsayinmu a fili yake. Bai kamata lambar ɗalibi ta dogara ga wanda ya riga wani zuwa ɗakin kwamfuta ba. Ko dai ta fito daga lissafi tabbatacce, ko daga rajista guda ta jami'a. Ga sashen da ke da saba ɗaya ko biyu da ma'aikaci guda, muna ganin hanyar lissafi ta fi, domin ba ta ƙara wa kowa aiki. Ga cibiyoyin da ke da manyan na'urorin bincike, hanyar rajista ta fi. Abin da ba mu yarda da shi ba shi ne kowane sashe ya yi gaban kansa.

Dalilin wannan na ƙarshe yana da muhimmanci. Sau da yawa ana haɗa faifan wata saba da wata ta hanyar NFS, tsarin da kamfanin Sun ya fito da shi a 1984. A yadda aka fi kafa shi, NFS ba ya tambayar kalmar sirri. Kwamfutar da ke neman fayil za ta ce wannan mutum lambarsa kaza ce, saba kuwa ta gaskata. Saboda haka in lamba 11105 ɗalibi ce a wani sashe, malami ce kuma a wani, ranar da aka haɗa faifan biyu ɗalibin ya zama magajin takardun malamin, har da tambayoyin jarrabawa in suna ciki. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A nan ba a ma bukatar ɓarawo, na'ura ce da kanta take miƙa mabuɗi.

Mun san za a kawo mana hujjoji, kuma ba mu raina su ba. Za a ce ma'aikata kaɗan ne, aiki ya yi musu yawa. Gaskiya ne, kuma shi ya sa ba mu ɗora wa mutum ɗaya laifi ba. Amma kwanakin da aka ɓata ana bin jakunkuna da hannu sun fi ƙarfin awa gudan da za a ɗauka a zauna a tsara lambobi tun farko. Za a ce sauya hanya a kan sabar da ta daɗe tana aiki haɗari ne, domin da zarar an sauya, lambobin kowa za su canja, sai an bi dukkan fayiloli an gyara mallakarsu. Wannan ma gaskiya ne. Amsarmu ita ce a yi shi lokacin dogon hutu, bayan an fitar da jerin tsofaffin lambobi da sunayen masu su an adana, ba a fafe gora ranar tafiya. Za a kuma ce ai ɗalibai su riƙa ajiye kwafi a filashinsu. Lalle ya kamata mu yi haka, muna kuma jan hankalin junanmu. Sai dai kwafi yana maganin ɓacewa ne kawai, ba ya maganin tonuwar asiri. Wasiƙar neman tallafi da ɗalibi ya rubuta yana bayyana halin gidansu, in wani ya karanta ta, kwafi goma ba zai mayar da ita a rufe ba.

Bisa ga haka, muna kira ga majalisar ƙungiyar ɗalibai ta miƙa wa hukumar jami'a waɗannan buƙatu. Na ɗaya, cibiyar kwamfuta ta fitar da rubutacciyar ƙa'ida guda wadda ta faɗi hanyar fassarar lambobi da iyakar lambobin kowane gida, kuma kowane sashe ya bi ta. Na biyu, kada a sake ba wani lambar da aka taɓa ba wani, ko da mai ita ya gama karatu shekaru da suka wuce. Na uku, ɗalibin da ya jingine karatu saboda rashin lafiya ko rashin kuɗi, a dakatar da asusunsa, kada a goge, domin in aka goge aka sake buɗewa zai dawo baƙo ga fayilolinsa. Na huɗu, duk sa'ad da ake adana kwafin fayiloli, a haɗa da saitin Samba da jerin lambobi, kana a riƙa gwada dawo da su a kan wata na'ura ko da sau ɗaya ne a shekara, a ga ko kowa ya koma kan kayansa. Na biyar, in irin wannan rikici ya sake aukuwa, a rufe sabar nan take, a sanar da waɗanda abin ya shafa, maimakon a bar su su gano da kansu.

Muna kuma da magana ga 'yan'uwanmu masu karatun kimiyyar kwamfuta. Gobe ku ne za ku riƙe sabobin asibitoci da bankuna da ma'aikatu, inda fayil ɗaya zai iya zama tarihin rashin lafiyar mutum ko takardar albashinsa. Ku roƙi malamanku su ba ku tsofaffin kwamfutoci biyu, ku kafa wannan tsari da hannunku, ku goge jerin lambobin da gangan ku ga abin da zai biyo baya, domin gani ya kori ji.

Ba wanda zai yarda ofishin rajista ya riƙa raba lambar shiga jami'a sabuwa duk ranar da aka sauya magatakarda, bisa ga wanda ya fara isa bakin taga. Da an yi haka da tuni mun cika harabar da kwalaye. Abin da muke nema a ɗakin kwamfuta bai wuce wannan ba: lambar da aka ba ɗalibi ranar da ya shigo ta zauna tasa har ya fita, kuma ta tafi tare da shi. Muna fata wakilanmu za su sa wannan batu cikin ajandar zama na gaba, kafin lokacin miƙa kundin bincike ya sake zagayowa.