Koma Ba Ta Karanta Takardar Izini

A ranar 2 ga Yuli, 1992, ministan kamun kifi na Kanada, John Crosbie, ya sanar da haramta kama kifin kod na arewa a tekun Newfoundland. Mutum kusan dubu talatin ne suka wayi gari babu sana'a, a gaɓar da aka shafe wajen shekara ɗari biyar ana cin abinci da wannan kifi. An ce hanin na shekara biyu ne. Sai a 2024 aka janye shi, da izinin tan 18,000 kacal, alhali a 1968 abin da aka kwaso ya haura tan 800,000.

An sha ɗora laifin a kan haɗamar manyan jirage, kuma ba a yi musu ƙarya ba. Amma akwai wani mai laifin da ke yawo da rigar ilimi, wato lissafin da ke ɗaukar kowane jinsin kifi tamkar garke ne a shingensa shi kaɗai. Tun tsakiyar ƙarni na ashirin hukumomi suka rungumi wannan tsari: a ƙiyasta yawan jinsi guda, a fitar da adadi mafi girma da za a iya ɗiba kowace shekara ba tare da ya ƙare ba, a raba wa jirage. Tsari ne mai kyan gani a takarda. Aibinsa shi ne teku ba ta san da shi ba. Kod yana rayuwa ne da wani ɗan ƙaramin kifi mai suna kafelin, yana kuma cin jatan lande da ƙananan ƙaguwa. Wanda ya ba da izinin kwasar kafelin ya taɓa kod ko bai ambaci sunansa ba.

Masu kare tsarin suna da hujjar da suke taƙama da ita. Bayan kod ya ɓace, jatan lande da ƙaguwa sun yawaita, kuma da yake sun fi tsada, kuɗin da ake samu daga kamun kifi a lardin ya zarce na da. To ina asarar? in ji su. Wannan tambaya ta wanda ke kallon jimla ce ya manta da rabo. Kod ya ciyar da ɗaruruwan ƙauyuka da ƙananan kwale-kwale da matan da ke gyaran kifi a masana'antu. Sabuwar dukiyar ta taru a hannun masu izini 'yan kaɗan, kuma cikin shekara goma lardin ya rasa kimanin kashi goma cikin ɗari na jama'arsa. Littafin da ya rubuta wannan a shafin riba, ba littafin da za a amince da shi ba ne.

Akwai kuma matsalar komar kanta. Jirgin da ke jan koma a ƙasan teku yana tattaro jinsi iri-iri a lokaci guda. Idan kasonsa na jinsi ɗaya ya cika, sauran kuma da saura, me matuƙin zai yi? Shekara da shekaru a Turai amsar ita ce ya zubar da rarar a ruwa, matacciya, doka kuma ta sa masa albarka. Kifin ya mutu, bai shiga kasuwa ba, bai shiga ƙididdiga ba, sannan masana su gina lissafin baɗi a kan wannan ƙididdiga mai giɓi. Sai daga 2015 zuwa 2019 Tarayyar Turai ta shiga tilasta kawo kamun gaɓa, abin da Nowe ta fara yi wa kod tun 1987.

Kada a ce gyaran ba ya yiwuwa. A tekun Barents, Nowe da Rasha suna fara ware abin da kod zai ci na kafelin kafin su yanka kason jirage, kuma sun sha rufe kamun kafelin ɗungurungum. Masunta sun yi ƙorafi, an yi asarar kuɗin shekara, amma kod ɗinsu bai bi sawun na Kanada ba.

Yau ana maimaita tsohon kuskuren a gaɓar Afirka ta Yamma. A Nouadhibou ta Muritaniya, da Senegal da Gambiya, masana'antu suna niƙa sardinela su mai da ita gari da mai, a yi lodinsu zuwa Asiya da Turai don ciyar da kifin kiwo da dabbobi. Wannan kifi shi ne naman talaka, shi mata ke ƙyafewa su sayar, shi kuma manyan kifaye ke ci. Baitulmali yana rubuta kuɗin waje da ya shigo. Babu shafin da ke rubuta tsadar kifi a kasuwar Dakar, ko aikin matan da ya mutu, ko ramar kifin da aka kwashe wa abinci. Duk ministan da zai sa hannu a kan izinin sabuwar masana'anta, wajibi ne a tilasta masa ya fara kawo wa majalisa waɗannan alƙaluma uku.