Zuciya Kamar Ɗanyen Yumɓu

'Yan'uwana ɗalibai, ku ciro takardar naira 20 ku dubi bayanta. Matar nan da ke ginin tukunya ita ce Ladi Kwali, mutuniyar ƙasar Gbagyi. A kanta nake so in kafa maganata, ko da yake maganar ta zuciya ce a wannan zamani da duniya ta ƙi zama wuri ɗaya.

Ladi ta koyi gini da hannu tun tana yarinya, yadda matan garinsu suka gada. Da wani Bature, Michael Cardew, ya buɗe makarantar ginin tukwane a tsohuwar Abuja, watau Suleja ta yau, sai ta shiga cikin 1954, ita ce mace ta farko. Ta koyi gini a kan faifai mai juyawa, da gashi cikin tanderu mai tsananin zafi. Amma fa ba ta yar da zanenta na gida ba: kunama da ƙadangare da kifi suna nan a jikin tulunanta har aka kai su London. Ta karɓi sabo, tana riƙe da nata.

To, kowace maginiya ta san yumɓu in ya bushe ba ya ginuwa, sai ya tsage. In kuma ruwa ya yi masa yawa, sai ya zube. Haka zuciyar mai ibada take. Abin da ke busar da ita kuwa tsoro ne.

Ni shaida ne. Ina yaro aka ta da bam a cocin Katolika na Madalla ranar Kirsimeti ta 2011. Daga ran nan aka hana mu shiga gidan maƙwabtanmu Musulmi, alhali kuwa tare muke cin tuwon salla. Shekara da shekaru ina ɗauke da wannan tauri, ina tsammani ƙarfin bangaskiya ne.

Sai ga annobar korona cikin 2020. Aka kulle Abuja a ƙarshen Maris, coci da masallaci duka a rufe. Muka yi Ista a tsakar gida, maƙwabtanmu suka yi azumi ba jam'i, a shekarar ko mahajjaci ɗaya bai tashi daga Nijeriya ba. Kakata ta ce addu'ar da ba a coci aka yi ba, ina za ta? Amma da ta ji maigidan can yana jan iyalinsa salla ta bayan katanga, sai ta tara mu ita ma. Ran nan na gane ashe gini aka rufe, ba a rufe ƙofar Allah ba. Da hatsinmu ya ƙare kuwa, daga gidan nan da muka ƙaurace wa aka miƙo mana kwano.

Na san wani zai ce, ai wannan sassauci shi ne mafarin sakin addini. Maganarsa abin dubawa ce, gama akwai masu bin kowace iska. Amma ku tuna da Liman Abubakar Abdullahi na ƙasar Barikin Ladi, wanda ya ɓoye ɗaruruwan Kirista cikin masallacinsa da gidansa a watan Yuni na 2018. Wa zai ce addininsa ya yi rauni? Don ya kafu sosai ne ya iya buɗe ƙofa. Wanda ke shakkar tushensa shi ke gudun sauraron wani.

Mu da za mu zama malamai, abin ya fi shafarmu. Gobe za a ba mu aji mai Bagbagyi da Bahaushe da Bayarabe da Ibo, kowa ya zo da labarin yaƙi da tsadar abinci da ya ji a wayar gidansu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. In muka shiga aji da busasshiyar zuciya, irinta za mu gina wa yara arba'in ko hamsin kowace shekara.

Saboda haka shawarata ita ce, kowa ya riƙe ibadarsa kullum ba fashi. Sa'an nan ya sami aboki ɗaya a kwalejin nan wanda ba addininsu ɗaya ba, ya tambaye shi abin da bai gane ba, ya saurara har ya gama. In labari mai ta da hankali ya shigo waya, a bincika kafin a tura.

Allah ya ba mu zaman lafiya, amin.